Cajar da Ta Ƙone Shagon Kafinta

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa gobara ta tashi a shagon wani tsohon kafinta, an kwashe shi zuwa asibiti ko motsi ba ya yi. Sufeto ya ɗauki hularsa, Kofur ya ja mota.

Shagon ɗaki ne guda a bayan gida. Tun da tsohon ya daina ƙera kujeru ya koma ƙera ƙananan jiragen sama na katako, irin waɗanda ake tuƙawa da rimot. 'Yan kwana-kwana sun gama aikinsu sun bar ruwa da toka. A kan tebur ga wani baƙin dunƙule da ya narke, kusa da shi ga ragowar batir ya fashe. A ƙasa kuma ga tukunyar ƙasa cike da yashi, ko baƙi ba ta yi ba.

Sufeto ya ƙware a kan ɓarayin babura, amma abin lantarki ko fitilarsa ce ta mutu matarsa ke dubawa. Ya tsaya yana kallon tukunyar.

"Wannan kuma ta mece ce? Girki yake yi a nan?"

"A ciki Baba ke sa batir idan zai yi caji," in ji wata budurwa da ke tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. Ita ce autar kafintan. "Ko da ya kama wuta, yashin zai tare. Bai taɓa ɗora shi a kan tebur ba."

"To ga shi a kan tebur."

"Ni ma abin da na kasa ganewa ke nan, Yallaɓai."

Yayanta, wani dogo mai faɗin murya, ya kutso ciki yana nuna ta da yatsa.

"Ita ta zaɓo cajar! Ita ta ce ta fi kowa sani! Ga shi ta kusa kashe mana uba. Tun safe ina gidan nan, babu wanda ya shigo. Ku tafi da ita kawai."

Auta ta sake duban teburin. Abin tausayi, ita kanta ta fara yarda da maganar.

A ofis Sufeto ya ajiye dunƙulen a gabanta cikin leda.

"Wannan ce cajar da kika sayo?"

"Ina jin ita ce. Kalarsu ɗaya... ban sani ba."

"Yaya aka yi kika zaɓe ta?"

"Irin batirin nan ɗakuna ne a cikinsa, Yallaɓai. Caja ta gari tana duba kowane ɗaki daban, kar wani ya cika ya wuce kima. Idan sun cika sai ta yanke wuta da kanta, ta yi ƙara. Na bi shaguna har na sami mai yin haka. Ba ta da sauri, amma ba ta zafi."

"Batir mai ɗakuna," in ji Sufeto, ya dubi Kofur. "Da falo da bayi?"

Kofur ya danne dariya. Auta ko murmushi ba ta yi ba.

"Idan Baba ya mutu, dangi ba za su sake kallona ba," ta ce. "Ni ma ba zan yafe wa kaina ba."

Sufeto ya sallame ta, amma ya ce kar ta yi nisa. Kansa ya riga ya ɗaure: cajar da ba ta zafi ta ƙone shago, mutumin da ba ya barin tukunya ya bar tukunya.

Mai shagon da ya sayar da cajar wani gajere ne mai yawan rantsuwa. Ya juya dunƙulen, ya kankare gefensa da sukuddireba.

"Wallahi wannan ba ita ce na sayar wa yarinyar ba. Tata baki biyu gare ta: na babbar waya, da ƙaramin baki mai haƙora inda ake soka farar wayar batir. Wannan duba, baki ɗaya ne. Irin ta tsofaffin batura ce, ba ta san tsayawa ba, ɗura wuta kawai take yi. Kuma wayarta ko kamu ɗaya ba ta kai ba."

"Gajera ce ke nan. Za ta kai ƙasa daga tebur?"

"Ina! Sai dai a kawo batirin kusa da ita."

Sai Sufeto ya gane abin da ya hana a sa batirin cikin yashi. Tukunyar dai ta fita daga zargi.

"Kana sayar da irinta?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ban taɓa ajiye wannan tarkacen ba."

Kofur, wanda tun shigowarsu yake leƙe-leƙe, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta. Cike yake da su.

"Au, waɗannan?" Mai shago ya share zufa. "Ajiya aka ba ni."

"Wa ya saya cikin masu tashin ƙananan jirage?"

"Yallaɓai, masu saye da yawa, ni ba na riƙe fuska."

Daga nan bai ƙara cewa komai ba sai rantsuwa. A mota Kofur ya ce ko dai yarinyar ce ta sayi biyu. Sufeto ya ce ko mai shago ne ya musanya mata a kwali. Suka yi ta juya maganar har suka iso, babu wanda ya gamsar da wani.

Suka koma gidan kafinta. Yaya na zaune a zaure yana karɓar masu jaje.

"Ka ce tun safe kana gida," in ji Sufeto. "Wa ya fito da mahaifinka daga wuta?"

"Maƙwabta."

"Kai kana ina?"

"Ina... ciki."

"Shago na ci a bayan ɗakinka, maƙwabta suka riga ka ji?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Ashe fita ya yi kallon ƙwallo, alhali an bar masa tsohon ne ya kula da shi, kuma kunyar faɗin haka ce ta sa ya ɗora wa ƙanwarsa.

"Ai ba shi kaɗai na bari ba," ya ce a hankali. "Baba Shaho yana nan."

"Wane ne Shaho?"

"Amininsa. Tare suke tashin jirage tun muna yara. Amma shi ba zai taɓa..."

"Shi ya sa ba ka ambace shi ba?"

Yaya ya gyaɗa kai.

Washegari da safe suka sami Shaho a filin da masu jirage ke taruwa, Auta na zaune a kujerar baya cikin mota. Tsoho ne siriri, tsohon makaniki, yana zaune a kan benci jirginsa a cinya, bai tashe shi ba.

"Jiya ban je gidan ba," ya ce tun kafin a gama tambaya. "Ciwon baya ya kwantar da ni."

"Kowa a filin nan da cajarsa. Ina taka?"

"Ta ɓace."

"Yaushe?"

"An kwana biyu."

"Buɗe akwatin kayan aikinka, Baba."

Tsohon ya buɗe a hankali. Ƙarƙashin tsumma ga caja lafiyayya mai baki biyu, zaune cikin ɗan gidan katako da aka goge shi sumul. Auta ta fito daga mota da gudu.

"Ita ce! Baba ne ya ƙera mata gidan nan da hannunsa!"

Shaho ya dube ta, sai hawaye.

"Gardama ce kawai, 'yata. Kullum sai ubanki ya yi min gori, wai 'yarsa ta zaɓo masa mai hankali, tawa mahaukaciya ce. Ni kuma ina ce masa tasa sai an yi furfura kafin ta cika. Da ya shiga gida shan magani sai na cire tasa na sa tawa. Wayar ba ta kai tukunya ba, na ɗora batirin a tebur. Na sa tasa a aljihu, so nake idan ya yaba saurin cikar in fito da ita in yi masa dariya. Na fita sayen shayi. Ina dawowa na ga hayaƙi, na gan shi ya faɗa ciki zai ɗauko jirginsa."

"Sai ka yi me?" in ji Sufeto.

"Sai na gudu."

"Ka ji ana cewa yarinyar nan ce?"

"Na ji."

Sufeto ya yi shekaru yana kama mutane, amma wannan kamun bai yi masa daɗi ba. Ya yi wa Kofur alama. Kofur ya dubi ankwa, ya dubi siraran hannuwan tsohon, ya mayar da ita aljihu, ya kama shi a kafaɗa.

Suna kaiwa bakin mota wayar Auta ta yi ƙara. Ta saurara, ta dafe ƙirji.

"Baba ya farfaɗo."

"Alhamdu lillahi," in ji Sufeto. "Je ki gaya masa ba laifinki ba ne."

"Bai tambayi wannan ba, Yallaɓai. Cewa ya yi a dubo masa Baba Shaho, wai yana tsoron ko wutar ta rutsa da shi a ciki. Me zan ce masa?"

Sufeto ya juya ya dubi tsohon. Shaho ya rufe fuska da hannu biyu, Kofur ya sa shi a mota ya rufe ƙofa.