Matsaya a Cikin Kogon Siminti

'Yarsa ce ta matsa. Ta ce likita ya ce a riƙa fita da Inna tana shan iska, zaman ɗaki ba ya ƙara mata komai sai nauyin jiki. Shi ya sa ranar da yamma Baba Tela ya lulluɓe keken ɗinkinsa, ya sa hula, suka ɗunguma har da jikoki zuwa filin wasan da ke bayan gari.

Inna, matarsa, ta daɗe ba ta san shi ba. Ciwon mantuwar da ƙananan abubuwa ya fara, ta zuba gishiri ta sake zubawa, ta yi ta neman mayafin da ke kanta. Daga baya ya cinye sunayen 'ya'yanta, ya cinye nasa. Yanzu in ya kai mata ruwan wanka sai ta ce, "An gode, bawan Allah," kamar baƙo ne ya taimaka mata a hanya. Shi yake yanke mata farce. Shi yake ɗaura mata ɗankwali, a karkace dai, amma yana ɗaurawa.

Suna shiga jikokin suka ruga wajen lilo. 'Yar ta nuna wani gefe da baki.

"Baba, ga na tsofaffi can. Jirgin ruwa ne, a hankali yake tafiya, ko shayi ka riƙe ba zai zube ba. Ku zaga ku dawo, muna nan."

"Na tsofaffi ko? To, mun gode da aka tuna da mu."

Mai kula da jirgin wani ƙaton mutum ne, gajiya ta gama cin fuskarsa. Ya taya shi zaunar da Inna a kujerar gaba, ya ce, "Ku ne na ƙarshe, Baba, daga ku sai rufewa. Kada a miƙe tsaye, kada a sa hannu a ruwa." Ya danna wani abu a jikin akwatinsa. Sarƙar da ke jan jirgin ta ƙarƙashin ruwa ta yi ƙara, suka fara tafiya. Duk kujerun baya babu kowa.

Tafiyar ta yi daɗi, ba laifi. Suka bi ta tsakiyar furanni, suka wuce wata giwar siminti da fentinta ya fara ɓarewa, da raƙumin dawa mai karyayyen kunne. Wani kiɗa mai sanyi yana fitowa daga lasifikar da aka ɓoye cikin ciyawa. Rana ta faɗa bayan bishiyoyi, sama ta yi ja. Ihun yara yana ta nisa. Inna ta ɗora hannuwa a cinya tana kallon ruwa, shi kuma ya goge mata gefen baki da hankici, yana rayawa a ransa cewa zai sake kawo ta.

Sai hanyar ruwan ta karkata, ta shige wani kogo da aka gina da siminti.

A ciki akwai sanyi. Ƙananan fitilu shuɗaye suna jere a bango. Wurin yana warin gansakuka da man inji. Ba su yi nisa ba kiɗan ya yanke, fitilun suka dushe, suka mutu. Sarƙar ta yi shiru. Jirgin bai tsaya ba, ya ci gaba da silalewa shi kaɗai.

"Wuta ce aka ɗauke," ya ce mata. "Kada ki ji tsoro."

Sai bayan jirgin ya ɗan nutsa, kamar mutum ya sa ƙafa ya shigo. Kujera ta yi ƙara. Ya sake nutsawa. Ya sake. Ruwa yana ta lasar gefen jirgin.

Baba Tela bai waiga ba. Yana jin numfashi a bayansa, na mutane da yawa, amma tare suke ja, tare suke saki, kamar ƙirji ɗaya.

Inna ce ta waiga.

"Sannunku da zuwa," ta ce. Muryarta tas, babu rawa, babu laluben kalma. Ta juyo ta taɓa gwiwarsa. "Mai allura, ba ka gaida mutane ne? Wannan hali naka har yau?"

Mai allura. Haka take kiransa tun suna amarya da ango, in tana so ta tsokane shi. Shekaru ke nan bai ji sunan ba.

"Kin gane ni?"

"Ji wata magana. Wa ya ɗaura mini ɗankwalin nan kamar an naɗe kabewa? Kai ne, ai na sani." Ta yi dariya, dariyarta ta da, wadda take rufe baki da bayan hannu.

Hawaye ya zubo masa. Da a nan abin ya tsaya, da ya ce bai taɓa ganin yamma mai kyau irin wannan ba.

Warin gansakuka ya ɓace. Ƙamshin hayaƙin itace ya maye gurbinsa, da na sabulun wanka na da. Can gaba wani haske ya bayyana, rawaya, irin na fitilar kwai. Akwai matsaya a gefen kogon, da matakala tana gangarowa har bakin ruwa. Mutane suna tsaye a kai.

Jirgin ya matsa, ya jingina da matakalar a hankali.

Ya gane surukarsa, wadda da hannunsa ya taya sa ta a kabari. Ya gane marigayiya yayar Inna. A gabansu kuma wata ƙaramar yarinya ce, 'yarsu ta fari, wadda zazzaɓi ya ɗauke tun ba ta shiga makaranta ba. Tana sanye da riga mai ɗigon kore. Ya san rigar. Shi ya yanka yadin, ya ce gobe zai ɗinka, goben ta zo masa da gawa. Yankakken yadin har yau yana ƙasan akwatinsa.

Ga shi a jikinta, an ɗinke.

"Baba," yarinyar ta ce. "Inna. Ku zo mana."

Ya yunƙura zai tashi. Wallahi ya yunƙura. Sai ya lura da bakinta. Muryar ta riga ta fito, ta gama, sannan leɓɓan suka motsa, a makare, kamar mai kwaikwayon abin da bai saba ba.

Surukar ta ce, "An jira ku." Ita ma haka. Magana a gaba, baki a baya.

Kuma babu wanda ke ƙifta ido a cikinsu.

Inna ta miƙe tsaye.

Ya cafke hannunta. "Zauna."

"Sake ni. Ba ka ganin yarinya tana kira?"

"Ba ita ba ce."

"Mai allura," ta ce a hankali, "a can gida ban san kowa ba. Ban san kaina ba. Kullum cikin baƙi nake kwana, cikin baƙi nake tashi. Nan na san kowa. Ka bar ni in sauka."

Maganar ta soke shi fiye da tsoron. Hannunsa ya ɗan sassauta.

Ta ɗaga ƙafa ta tsallake gefen jirgin. Ya duba inda za ta taka.

Babu matakala. Baƙin ruwa ne, yana juyawa, yana zuƙa ƙasa.

Ya fizgo ta da duk ƙarfin da ya rage masa. Ya naɗe mayafinta a damtsensa, ya saƙala ɗayan hannun a ƙarfen kujera. Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaure.

Daga bayansa wasu yatsu suka sauka a kan nasa. Masu sanyi. Masu laushi, kamar babu ƙashi a ciki. Suka fara ɓamɓare masa yatsu daga ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya.

Wani ya raɗa masa a kunne, "Ai ka gaji da ita."

Inna tana dukan fuskarsa. Ta gantsara masa cizo a hannu har jini ya fito.

Yarinyar tana kuka. Bakinta a rufe.

Da ƙyar sunan Allah ya fito masa, a shaƙe. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa, yana ihu.

Sarƙar ta yi wata irin ƙara. Jirgin ya fizga gaba, suka zube tare a ƙasansa, ita a kan ƙirjinsa. Fitilu shuɗaye suka kama. Kiɗan ya dawo daga daidai inda ya yanke.

Da suka fito duhu ya fara shiga. 'Yarsu tana bakin ruwa tana kiran "Baba! Inna!" Mai kula da jirgin yana cikin ruwa har gwiwa da tocila, ya ce tun ɗazu yake ƙwala musu kira babu amsa. Baba Tela ya tambaye shi matsayar da ke cikin kogon.

"Wace matsaya? Ramin famfo ne kawai a wurin, ya fi tsayin mutum zurfi." Ya haska kujerun baya. Dukkansu a jiƙe suke, kowace da shatar zama. Ya kashe tocilar.

Baba Tela ya yi kwanaki yana zazzaɓi. Yatsun hannunsa na hagu ba su sake lanƙwasuwa daidai ba, dole ya bar ɗinki.

Inna ta koma yadda take, har ta fi. Ba ta san 'ya'yanta ba, ba ta san ko ta ci abinci ba, abin da aka faɗa mata yanzu kafin a rufe baki ya tafi. Abu ɗaya ne ya zauna mata daram. Duk sanda ya shigo ɗakin, da kwano ko da magani, sai ta bi shi da ido har ya zauna, sannan ta juya fuska ga bango.

"Kai ne," take cewa. "Kai ne ka hana ni sauka."

Shi kuma sai ya ce, "Ni ne," ya jira har ta gaji ta buɗe baki, ya sa mata cokali.