Turken Bayan Rumbu

Da la'asar sakaliya Maniru ya dawo Bodinga daga Sakkwato, da na'urar gano ƙarfe guda biyu ɗaure a bayan babur. Mai shago ne ya ba shi ya gwada ya zaɓi ɗaya, don sati mai zuwa zai haye Sudan farautar dukiyar da mutanen dā suka binne. Ɗaya faifanta ƙarami ne. Ɗayar kuwa nata ya kai murfin tukunyar biki, an ce tana jin ƙarfe ko ya yi gaba guda a ƙasa. In ka ji Maniru yana cika baki a teburin mai shayi, sai ka rantse ya riga ya haƙe rabin Sudan.

Matarsa Zainabu ta ce ya bari gari ya waye, almuru ba lokacin tone-tone ba ne. Bai ko dube ta ba. Ya maƙala abin ji a kunne, ya bi tsakar gida a hankali. Ƙaramar ta samo masa ƙusa biyu da tsohon cokali. Babbar ta yi gum har sai da ya kai bayan rumbu, nan ta kwarma ihu. Kowa a gidan ya san kakansa ya hana a sa fartanya a wurin, ba kuma wanda ya taɓa tambayar dalili. Maniru ya haƙa har gwiwa, ya tarar da turken baƙin ƙarfe naɗe da fata. Ya tuge shi, ya ce zaɓe ya ƙare.

Kaji suka yi tsit a akurki.

Dutse na farko ya fasa randa. Na biyu ya sami Zainabu a goshi, jini ya rufe mata ido. Ba ta kan katanga suke zuwa ba, daga sama suke faɗowa. Sai 'yarsu Bahijja, mai shekara goma sha uku, ta ajiye tsintsiya, ta cafki wuyan ubanta ta maka shi da rumbu har haƙori ya fita. Maƙwabta huɗu suka danne ta, ta karya wa ɗaya yatsu. Da suka ja baya ta koma kan kanta, tana gwara kai da turmi.

Sai washegari da yamma aka samo Malam Zainulabidin, mai ruƙiyya, daga Shagari. Ya tarar da ita ɗaure da igiyar guga, ko ruwa ba ta sha ba. Ya zauna, ya daɗe yana karatu kafin ya tambayi wanda ke jikinta. Muryar tsoho ce ta fito daga bakin yarinyar, idonta na kan Maniru.

"Shekara tamanin ina kwance inda kakanai ya kahe ni, ban taɓa kowa ba. Shi ya taho ya sa mani kunne."

Malam ya ce za a mayar da turken. Aljanin ya yi dariya, ya ce shi da ramin nan har abada. Zai bar gidan, amma ba hannu rabbana ba: ko wuyan yarinyar, ko kunnen da ya saurare shi. Malam ya ce ba a ciniki da jikin ɗan Adam, ya ƙara ɗaga murya. Kan Bahijja ya fara juyawa baya, a hankali, har aka ji ƙashi na ƙara.

Maniru ya rarrafo ya durƙusa gabanta.

"Malam, dakata. Shi ɗauka, shi sakam mani ɗiyata."

Igiya ta tsinke. Tafukanta biyu suka haɗu a kunnuwansa lokaci guda, jini ya gangaro masa har wuyan riga. Ta faɗi, ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Can ta buɗe ido ta dube shi, bakinta ya motsa. Maniru ya kara kunnen dama, ya juyo da na hagu. Sannan ya waiwayi matarsa, ya tambaye ta da muryar da aka ji har zaure, ko "Baba" yarinyar ta ce.