Ƙarnin 'Yar Masunta

Ranar da Inna Saude ta zo daga Auyo don ganin yarinyar da ɗanta Tasi'u yake so, tun safe Mardiyya take gyaran gidansu a Haɗeja. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo fura. Ana cikin hira sai Adila, ƙanwar Mardiyya, ta shigo, kaca-kaca da taɓo.

"Ke Adila, wuce ki yi wanka," in ji Mardiyya tana dariya, "kina ƙarni kamar 'yar masunta."

Inna Saude, wadda da kifi ta raini Tasi'u har ya zama malamin makaranta, ta ajiye ludayin, ta yi sallama.

Da yamma Tasi'u ya kira Mardiyya. "Inna ta ce a bar maganar auren saboda abin da kika faɗa wa Adila."

"Wallahi ban san na faɗa ba, Yaya Tasi'u. Sori, don Allah."

"Abin da ya fi ci mata rai ke nan, ba ki ma sani ba."

Mardiyya ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mahaifiyarta, Hajiya Ummussalma, ta ce, "Magana ce kawai. Haka muka taso muka ji ana faɗa."

"Momi, tun ina ƙarama nake jin ta a bakinki. Shi ya sa ranar da Tasi'u ya ce min su masunta ne na ji gabana ya faɗi, ban san dalili ba."

Hajiya ta ce ta shirya, gobe za su Auyo tare.

Washegari suka hau babur, suka tsallaka ruwa a kwalekwale, suka sami Inna Saude tana bandar kifi. Suka ba ta haƙuri.

"Na yafe," in ji Inna. "Amma in kin haifa masa 'ya, 'yar masunta ce. Me za ki riƙa ce mata?"

Mardiyya ba ta yi fushi ba, ta ci gaba da zuwa gaisuwa, tana kama wa Inna aiki. Bayan an yanke shinkafa, wata rana Inna ta dube ta ta yi murmushi.

"Mu ma fa, in yaro ya yi lalaci, ɗan birni muke ce masa. Ki ce wa babanki a sa rana."

Iyaye, mu kula da abin da muke faɗa a gaban yara. Kalmar da yaro ya ji cikin wasa, da ita zai riƙa auna mutane in ya girma.