Gado Na Huɗu

"Sauko mu yi magana."

"Ina jin ka daga nan."

"Auta, wuyana ya ƙage! Wata uku ke nan ina hira da tafin ƙafarki."

Na ajiye buroshi a bakin gwangwanin fenti, na leƙo daga saman katakon da nake tsaye a kai. Yana bakin ƙofa, jita a rataye a bayansa, farar ambulan a hannu. A asibitin nan ba mai kiran sa da sunansa. Mai Jita, shi ke nan.

"Sun sake kira," in ji shi. "Ranar Alhamis suke son amsa. Tikiti ɗaya ko biyu."

"Ka ce musu ɗaya."

"Haka kawai?"

"Ban gama silin ba. Ga kuma Baba."

"Silin nan tun watan jiya ya kammala! Tsuntsu ɗaya kike ta shafewa kina sake zanawa. A gabana kin yi sau biyar."

Na mai da idona kan silin.

"Rabin raina... ki dube ni mana."

Na dube shi. Idanunsa sun yi ja. Na san ya kamata in ji wani abu, na jira, bai zo ba. Sai na mai da iyafis, abin jin waƙa, kunnena na ɗauki buroshi. Ba abin da ke tashi a cikinsa. Ina sa shi ne don kada a yi min magana.

Ya ajiye ambulan ɗin a kan tsani ya fita.

Wata ƙungiyar agaji ce ta neme mu. Shekara guda, asibitoci shida, ƙasashe huɗu. Ni in zana silin, shi ya yi wa marasa lafiya kiɗa. Iyaye sun riga sun yi magana, tsarin shi ne a ɗaura mana aure mu tashi tare. Da baki na amsa. Da lokacin ya matso sai na ga ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Shekara bakwai na yi a waje ina karatun zane. A biyun ƙarshe Mama tana zuwa wannan ɗakin wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu a kwance tana kallon sama. Duk sanda na kira sai ta ce, "Jiki da sauƙi, ki yi karatunki." Ranar da ta rasu ina rataye zane-zanena a wajen baje koli, wayata tana cikin jaka. Na sauka daga jirgi kwana uku bayan an binne ta.

Ban yi kuka ba. Mutane suka ce yarinyar nan akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Ba komai ne a ciki.

Bayan wata huɗu ɓarin jikin Baba na dama ya shanye.

Da asibiti suka rufe ɗakin don canza injina da famfuna, na roƙi a ba ni silin. Kyauta. Na zuba masa duk inda na taɓa zuwa: wani kogi mai faɗi da jiragen ruwa, wata gada, mata masu shanya a bakin ruwa, dogayen bishiyoyi, tsuntsaye.

Mai Jita kuwa a wajen gaisuwar rasuwar Mama na fara ganin sa. Ya durƙusa gaban Baba ya ce shi ne yake yi wa Mama kiɗa duk ranar Laraba. Daga baya, da muka saba, ya karɓi wayata ya bi waƙoƙin ciki ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai.

"Wannan duk kukan sarewa ne da harsunan da ba kya ji. Mama ta fi ki kunne. Ita mai ganga take so, wadda za ta sa ƙafa motsi ko da allura a hannu."

Ranar na yi dariya. Ina jin ita ce ta farko tun dawowata, kuma ba ta samu ta biyu ba.

Washegarin ranar da ya ajiye ambulan ɗin, da safe, ina yi wa Baba aski a tsakar gida. Gwaggo, ƙanwarsa da ta dawo gidanmu tun da ya kwanta, tana zaune tana ninke kaya.

"An ce kin kori yaron mutane."

"Ban kore shi ba, Gwaggo."

"To me kika yi? Kin ba shi goron tafiya?"

"Wa zai kula da Baba?"

Ta jefar da rigar da ke hannunta.

"Au! Mu nan itatuwa ne? Ni na san mutumin nan tun yana satar alli yana ɓata wa mutane katanga! Yayanki kullum yana nan da yamma, matarsa tana nan. Ke kin mai da mana gida asibiti. Mutum ba zai yi tari ba sai kin ɗauko takarda kin rubuta."

"Na bar Mama..."

"Ba ki bar ta ba, ita ta tura ki. Ni nake riƙe mata wayar in za ta yi miki ƙarya."

Na ci gaba da askin. Baba yana kallon ƙasa. Tun da ciwon ya same shi kalma take fita da ƙyar, don haka ya rage magana. Shekara arba'in ya yi yana rubuta allunan shaguna da zane a jikin manyan motoci. Shi ya fara riƙe min hannu a kan buroshi. Yanzu hannun yana kan cinyarsa kamar na aro.

Ranar Laraba na kai shi asibitin domin motsa jiki. Da muka fito na juya keken marasa lafiyar da yake kai wajen mota, sai ya sa hannun hagu ya riƙe taya.

"Aiki," ya ce.

"Wane aiki, Baba?"

Ya nuna ni da haɓa.

"Ban gama ba. In na gama zan..."

"Aiki!"

Na tura shi zuwa ɗakin.

An riga an mai da gadajen, takwas a jere, kawunansu a jikin bangon ƙurya, ƙafafunsu suna kallon ƙofa, kowanne da ledarsa. Ranar Litinin za a buɗe. Sista, shugabar ɗakin, tana duba sababbin injina. Mai Jita yana zaune a kan benci yana ɗaure tsirkiya. Da ya ga Baba ya miƙe da sauri ya durƙusa.

"Barka da zuwa, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

Ni bai kalle ni ba.

"Baba, ka ga aikin 'yarka?" in ji Sista. "Wallahi likitoci har hoto suke zuwa ɗauka. Daga ƙofar nan in ka ɗaga kai, sai ka rantse ruwan zai zubo maka!"

Baba ya ɗaga kai daga bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kalli gadajen. Ya sake kallon sama.

"Wa... zai kalla?"

"Marasa lafiya, Baba."

"Ina... suke?"

"Sai Litinin."

Ya girgiza kai. Ya yi ta kokawa da harshensa har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Allon shago... ba daga cikin shago... ake duba shi ba. Titi... ake fita."

"Na sani. Ina sauka kullum in duba daga ƙofa."

"Kwanta."

"Baba..."

"Kwanta!"

Wata uku ina aiki a ɗakin nan, ban taɓa ko zama a bakin gado ba. Da babu su, tabarma ma ban shimfiɗa a inda suke ba. Na nufi na farko, wanda ke kusa da taga.

"Huɗu," in ji Baba.

Gadon da Mama take kwanciya ke nan. Sista ta ajiye takardarta.

Na cire takalmi. Ledar ta yi ƙara da na hau. Na kwanta, na ɗora kaina inda filo zai zauna, na buɗe ido.

Jiragen ruwan duk a kife suke.

Kogin yana sama, sararin yana ƙasa. Matan nan masu shanya suna reto, kai ƙasa, ƙafa sama. Bishiyoyi sun zuro kawunansu kamar za su soke ni. Tsuntsun da na zana sau biyar yana faɗowa da baya.

Na yi wa mai shigowa zane. Likita, Sista, mai ziyara, ni. Duk wanda zai tsaya a kan ƙafafunsa ya ce kai, ya yi kyau, ya wuce. Wanda zai kwanta awa huɗu kuwa, duniya na juya masa.

"Innalillahi..." Sista ce, ta karkatar da kai a gefen gadon. "Ni ma ban taɓa lura ba!"

Na ji ledar gado na biyar ta yi ƙara. Mai Jita ne ya kwanta, da takalminsa.

"Sauke min ƙafa daga sabon gado!" in ji Sista. Bai ji ta ba.

Muka ci gaba da kallon sama.

"A daidai inda gadar nan take," ya ce a hankali, "akwai wani tabon ruwa da."

"Na gan shi. Shi na fara shafewa."

"Mama tana cewa jirgin sama ne. Duk Laraba sai ta ce min, Mai Jita, duba, ya ƙara matsowa ko idona ne? Sai in ce ya matso, Mama. Sai ta ce maƙaryaci, buga mana mai gangar nan."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?"

"Ba ki taɓa tambaya ba. Duk sanda na ɗauko zancenta sai ki toshe kunne."

Wani abu ya taso min daga ciki, kamar amai. Na danne. Ya ƙi dannuwa. Sautin da ya fito daga bakina ban san shi ba. Hawayen ba su bi kumatu ba, gefe suka bi suka shige min kunne, domin haka hawayen na kwance yake yi. Wannan ma ban sani ba sai ranar.

"Mama... Mama, na dawo... na makara!"

Ba wanda ya ce in yi haƙuri. Sista ta ja ƙofa ta rufe. Na ji ƙarar taya, Baba ne yake jan kekensa da hannu ɗaya, yana karkacewa, har ya iso. Ya ɗora hannun hagu a goshina ya bar shi a nan.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Da na lafa, Baba ya nuna silin.

"Gyara."

"To, Baba."

"Sannan... ki tafi."

"Ba zan iya sake..."

"Ni ba... silin ba ne. Ba ki da... abin gyarawa... a nan." Ya bugi ƙirjinsa. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. "Kin ishe ni."

Sista ta yi dariya tana share ido da bayan hannu.

Na juya kaina wajen gado na biyar.

"Sai an shafe shi duka da fari. A sake daga farko."

"Wata nawa?"

"Da marasa lafiya a ciki, sai ranar Lahadi da babu wanki. Wata biyu. Ko uku."

Ya rufe ido. Na san abin da yake aunawa. Asibitin farko yana garin da ya shekara goma yana mafarkin zuwa, garin da aka ƙera jitar da yake ta ba ni labari. Ƙungiyar ba za ta jira ba, wani za ta ba.

"Ka tafi," na ce. "Da gaske nake wannan karon. Ba korar ka nake ba. Ka je, in na gama..."

"In kin gama sai ki ga wani tsuntsun bai yi miki ba."

"Ba zan ƙara ba."

"Na sani. Domin ina nan ina kallon ki."

Ya zaro waya daga aljihu, yana kwance, ya ɗaga ta sama da fuskarsa. Ya daɗe bai danna ba.

"Za ka ji haushina wata rana," na ce.

"Yau ma ina ji. Sosai." Ya ja hanci. "Amma na gwada tunanin garin nan babu ke, zuciyata, sai na ga titi ne kawai da motoci."

Ya danna. Na ji tana ringi. Wata murya ta ɗauka.

"Eh, ni ne... A'a, na farkon ba za mu samu ba, ku ba wani... Eh, na sani. Na sani." Ya saurara. "Daga na biyu, in kun yarda... Tikiti nawa?"

Ya juyo ya kalle ni. Baba ma ni yake kallo.

Muryata ta dushe, ba ta fita. Na ɗaga hannu sama inda zai gani, na miƙe yatsu biyu.