Ɗacin Anza a Gidan Fadlalla

A shekarar da yunwa ta sa Kordofan ta ƙasar Sudan ta koma cin anza, Sufeto Mirgani ya isa wani ƙauye a arewacin Bara, ya tarar har an binne tsohuwa Batul. Garin tsit, ko kukan akuya babu. Sai dangin mamaciyar da suka kewaye surukarta Sittana, suna shirin korarta su riƙe 'ya'yanta, wai anzar da ta dafa ce ta kashe tsohuwar.

Kowa ya san 'ya'yan anza guba ne, sai an jiƙa ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Mutanen da yunwa ta hana su tsayuwa, ga su sun sami ƙarfin yanke hukunci.

"Baiwar Allah, kin sauya ruwan?" in ji Sufeto.

"Kullum da safe, Yallaɓai, kafin in tafi tsinko ganye."

"Tsohon ruwan fa?"

"Wa ke zubar da ruwa bana? A ƙwarya nake tarawa don jiƙa fata. In na dawo sai in tarar babu komai. Na ɗauka mutanen ɓoye ne, na ja bakina."

Sufeto ya zaga bayan bukka. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙwaryar a bushe take ƙayau. Can gefe wata taguwa, macen raƙumi, tana durƙushe tana tuƙa, ita kaɗai ce dabbar da ta rage a garin. Ya sa takalmi ya murje kashinta, ya ji shi da danshi.

"Taka ce?" ya tambayi Fadlalla, mijin Sittana, ɗan marigayiyar.

"Tawa ce. A rijiya nake shayar da ita."

Mai gadin rijiya, da ke cikin taron, ya yi dariyar da ba daɗi. "Taguwa? Yallaɓai, tulu ɗaya kowane gida. Ko uban taguwar ne ya zo, ba zai lasa ba."

Sufeto ya dawo, ya zauna kusa da Fadlalla.

"Me taguwarka ke sha?"

Fadlalla ya dubi ƙofar ɗakin uwarsa.

"In Sittana ta fita, sai in tsiyaye sabon ruwan in ba taguwa, in mayar da na ƙwarya cikin tukunya. Na ɗauka jinkiri kawai zai yi."

Sittana ta zame ta zauna a ƙasa. Dangi suka sunkuyar da kai.

"Tsohuwa ba ta ji ɗaci ba?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ta ji. Ita ke fara ɗanɗanawa kafin a ba yara. Ta tauna, ta ce, 'Ɗan nan, wannan bai yi ba.'"

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya fito da ankwa, Sufeto ya ɗaga masa hannu ya dakata.

"Me ka ce mata?"

"Na ce, 'Inna, bakinki ne, a gabana aka sauya ruwan.' Ta dube ni, ta ce tunda ni na faɗa, shi ke nan, amma yara su jira gobe. Ta ci gaba da ci."

Fadlalla ya miƙa wa Kofur hannuwansa da kansa.