Kina Haɗiyewa, Bashira?

"Kina haɗiyewa, ko tofarwa kike yi?"

Ko gaisuwata Hajiya Hansai ba ta bari na ƙarasa ba. Ina durƙushe a gabanta a falonmu na unguwar Al-Naseem, Ummata na tsaye da butar gahawa a hannu, ta jefo min tambayar.

Na ɗaga ido na nemi ɗanta.

Ikrima na zaune can bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ikrimana... mutumin da saura ƙiris a ɗaura mana aure.

"Da ke nake magana, yarinya!"

Bari in ɗan koma baya, don wanda bai san Riyadh ba zai ɗauka wata mashaya ce ni.

A garin nan aka haife ni. Babana, Malam Maikuɗi, direba ne a wani ofishin jakadanci, iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ma ta girme ni. Mu a nan ruwan sha'ir ba abin kallo ba ne. Kowace baƙala, wato kantin unguwa, ka shiga yana cikin firji kusa da madara, yara na kora shawarma da shi, dattawa na sha bayan tarawi. Babu ɗigon barasa a cikinsa. Laifinsa ɗaya, kwalbarsa da kumfarsa sun yi kama da abin da ake sha a mashaya a can gida.

Ni kuma aikina ɗanɗana shi.

Wani ƙaramin kamfani ne da ke dafa nasa kaɗan-kaɗan, yana zuba masa wani fure mai ɗaci da ƙamshi da ake kira hops. Allah ya yi ni da hanci, tun ina ƙarama Umma ba ta isa ta rage kanumfari a shayi ban gane ba. Kullum da safe ana jera min ƙananan kofuna marasa suna. In duba launi, in shinshina, in kurɓa, in haɗiye, sannan in ba da maki cikin goma. Wannan ƙamshin ɓawon lemu gare shi, bakwai. Wancan kamar jiƙaƙƙiyar ciyawa, huɗu, a koma a sake.

Haɗiyewar kuwa dole ce. Ɗacin furen can ƙarshen harshe yake sauka, kuma abin da ya rage a maƙogwaro bayan ya wuce shi ake ba maki. Wanda ya tofar rabin aiki ya yi.

Duk wannan Ikrima ya sani. Ai ta nan ma muka haɗu.

Ɗalibin fiƙihu ne a jami'a, ɗan Funtuwa. Ranar wata Sallah suka zo gaishe da Baba shi da abokansa, aka kai musu kwalabe masu sanyi. Ina bayan labule na ji ya kurɓa ya yi tari.

"Subhanallah! Wa ya yarda a sayar da wannan?"

Bakina da ba ya shiru ya amsa, "Ni. Takwas na ba shi."

"To wallahi an zalunci takwas."

Baba ya yi dariya har da buga ƙafa. Kafin su tafi Ikrima ya shanye kwalba biyu.

Daga ranar ya raɗa min Alƙaliyata. In ya shiga baƙala sai ya turo min hoton kwalba. "Alƙaliyata, wannan nawa?" In na yi masa murmushi ya ce goma bisa goma, in na yi fushi ya ce tara da rabi, wai fushin ma yana min kyau. Shi da bakinsa ya zauna ya yi wa Baba bayanin halaccin abin, da Larabcinsa na littafi, har Baba na cewa, "Ka ji malamai!"

Na so shi. Ba zan ɓoye ba, na so shi son da ban bar wa kaina komai ba.

Sai Fiddausi ta shigo.

Maƙwabciyarmu ce, tare muka tashi, kwano ɗaya muke ci. Wata rana ta biyo ni wurin aiki, wai tana son ganin yadda nake yi.

"Habibti, tsaya in ɗauke ki! Wallah kin yi kyau da kofin nan!"

Ni kuma sakarya na gyara mayafi, na ɗaga kofi mai kumfa, na kurɓa, na lumshe ido na haɗiye. Na manta cewa mahaifiyar Fiddausi 'yar Funtuwa ce, kuma suna zaure ɗaya a waya da matan dangin Ikrima. Bidiyon ya isa can babu sauti, an yanke inda nake bayani. A ƙasansa an rubuta, "Amaryar Ikrima a bakin aiki."

Hajiya Hansai tana gama Umara ta ce ba za ta koma gida ba sai ta biyo ta Riyadh.

Ana gobe za ta zo gidanmu Ikrima ya kira ni.

"Ruhina, ki saurare ni da kyau. Na gaya wa Hajiya babu barasa a ciki."

"Ta ce me?"

"Ta ce to kumfar fa? Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta san kalar giya..."

"Sai ka ce mata me?"

Ya fara kame-kame.

"Ikrima?"

"Na ce mata ba kya haɗiyewa. Na ce kamar mai azumi ce da ke ɗanɗana gishirin miya ta tofar. Hankalinta ya ɗan kwanta. In ta tambaye ki, ki tsaya a kan haka."

"Ƙarya ka yi mata?"

"Sulhu na yi."

"Ba a tofar da abu sai in ƙazanta ne. In na ce ina tofarwa, na yarda haram nake sa wa a bakina ke nan. Na yarda abin da Babana ke ba baƙinsa haram ne. Wanda kai ma kake sha!"

"Kalma ɗaya ce fa, Alƙaliyata. Bayan biki sai ki bar aikin, khalas, magana ta mutu."

"Kai ne malamin. Ka faɗa mata gaskiya mana, za ta ji taka."

"Ba ki san Hajiya ba..."

"Kai nake son in sani."

Ya ce in yi tunani. Na yi. Shi ya sa da Hajiya ta sake daka min tsawa a falon nan, na gyara durƙusona na dube ta.

"Ina haɗiyewa, Hajiya."

Butar gahawa ta yi ƙara a hannun Umma.

"Sai an haɗiye ake sanin kyansa. Amma wallahi ba giya ba ce, ruwan sha'ir ne. Ana gwada kowace tukunya kafin ta fita, babu abin maye ko..."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ikrima! Ba ka ce min tofarwa take yi ba?"

Bai ɗago ba.

"Ikrima, ka yi magana," na ce. "Ka gaya mata halal ne. Ka gaya mata kai ma kana sha."

Hajiya ta juya gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Ka taɓa sha?"

Na zuba masa ido. A cikin firjinmu a lokacin akwai kwalabe na irin wanda ya fi so, ni na ajiye masa da hannuna.

Ya ja carbi. Ya gyara murya.

"Hajiya... ni dai ɗalibin ilimi ne. Ina nesa da shubuha."



Bai ce bai sha ba, ka ga malami ba ya ƙarya. Ya dai zare ƙafarsa a hankali ya bar ni ni kaɗai a cikin ramin. Na tsane shi a wannan minti, na kuma tsani kaina da har lokacin nake jira ya ɗago ya ce wasa yake.

Hajiya ta miƙe ta yafa mayafinta.

"Ku yi haƙuri, Hajiya," ta ce wa Umma. "Gidanmu gidan malamai ne. Ba zan kai musu wannan ba."

Da Baba ya dawo daga aiki ya ji, bai yi faɗa ba. Ya sa aka haɗa kayan auren da suka kawo, ya loda a mota da kansa.

"Ko ta tofar ko ta haɗiye, 'yata ce," ya ce. "Yalla, ku buɗe min ƙofa."

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ikrima ya yi ta turo saƙo. "Ki yafe min, uwa ce." "Ruhina, ki ce wani abu." Ban amsa ko ɗaya ba, amma duk na karanta, wasu har na haddace. A wurin aiki shugabarmu ta kira ni gefe.

"Bashira, lafiya? Duk abin da aka ba ki huɗu kike ba shi."

Gaskiyarta. Komai ɗaci yake min. Tukunya ɗaya ce kawai ta fi ƙarfin baƙin cikina, mai ƙamshin mangwaro da ɓawon lemu, irin wanda Ikrima ke so. Ina hawaye na ba ta tara, don ba na zaluntar kofi.

Sai ga katin biki. Ikrima da Fiddausi.

Dariya na yi, irin wadda ta fi kuka ciwo.

"Za ki je walimar," in ji Umma.

"Umma!"

"Mu nawa ne a garin nan? In ba ki je ba, za a ce kina ɗaki kina kuka."

"Ai kukan nake yi."

"To ki yi shi da kwalli a idonki."

Bayan la'asar aka yi, a wani gidan shaƙatawa da ake haya a bayan gari. Ɓangaren mata ya cika, turaren wuta kamar zai shaƙe mutum. Na samu lungu na zauna. A kan kowane tebur an ajiye manyan jug cike da wani abin sha ruwan zuma, an zuba ƙanƙara da na'a-na'a da yankakken lemun tsami. Babu kumfa, ta daɗe da kwanciya.

Tun kafin a zuba min hancina ya gaya min.

Mangwaro. Ɓawon lemu. Da wannan ɗacin a ƙarƙashi.

Na riƙo hannun matar da ke rabawa. "Baiwar Allah, wa ya kawo wannan?"

"Ango da kansa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Katan-katan. Ya ce mu juye a jug, mu ɓoye kwalaben a bayan kicin."

Wato ko a ranar aurensa bai iya haƙura da shi ba. Ni ce dai ya iya haƙura da ni.

Ina shirin tashi na ji an kira sunana.

"Bashira! Zo nan."

Hajiya Hansai ce, tana zaune kusa da amarya, da kofi a hannunta. Na je na durƙusa.

"Ba gaba nake da ke ba, kin ji? Allah ne bai yi ba." Ta kurɓa ta yi ajiyar zuciya. "Ke da aka ce kin san abin sha, wannan na mene ne? Tun ɗazu nake ƙari. Yana da ɗan ɗaci kamar goro, amma yana wanke maƙogwaro. So nake in tafi da shi Funtuwa."

Fiddausi ta zaro ido a cikin kwalliyarta.

"Lemun tsami ne da na'a-na'a, Hajiya! Bashira, habibti, ga wuri can ki zauna..."

Ban ko kalle ta ba. Na ɗauki kofi na zuba. Na ɗaga shi na duba launi. Na shinshina. Na kurɓa.

Na haɗiye.

"Shi ne, Hajiya."

"Shi ne me?"

"Wanda kika gani a bidiyo. Ruwan sha'ir na kamfaninmu. Wannan tukunyar tara na ba ta."

Hajiya ta dubi kofin hannunta, ta dubi jug ɗin da ta kusa shanyewa.

"Wa... wa ya kawo shi nan?"

"Ki tambayi ɗanki. Shi ya fi so. A gidanmu ba ya tashi sai ya sha biyu."

Ta dafe maƙogwaronta.

"Na haɗiye..."

"Halal kika haɗiye, Hajiya, kada ki damu. Kin ji kanki na juyawa?"

Ta girgiza kai a hankali.

"Ni ma bai taɓa juya min ba."

Na miƙe. Sai na ji ta riƙo gefen abayata, riƙo na gaske.

"'Yata... ya san haka? Ranar nan a falonku, ya san haka ya yi shiru?"

"Shi ya koya wa Babana hukuncin."

Idonta ya ciko. Ta buɗe baki za ta yi magana, na zare abayata a hankali.

"An riga an ɗaura, Hajiya. Allah ya ba su zaman lafiya."

Na fito ban waiwaya ba. Baba na cikin mota yana jirana, ya kunna sanyi.

"Ya taro?"

"Abin shan ya yi daɗi, Baba."

Ya dube ni ta madubi, bai ƙara tambaya ba, ya tayar da mota.

Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Wallahi ban ji ba. An wanke ni a gaban mata, amma wankin bai dawo min da komai ba. Fiddausi na ciki da lallenta, ni ina bayan mota da gaskiyata.

Ba mu kai babban titi ba wayata ta yi ƙara. Ikrima.

"Alƙaliyata, me kika yi min? Hajiya ta ƙi kallona. Wallahi har yanzu ke ce goma bisa goma..."

Na daɗe ina kallon saƙon. Har yanzu ina son shi, wannan ne abin da ban iya yafe wa kaina ba.

Na rubuta masa, "Kalma ɗaya ka ce in faɗa saboda kai. Kalma ɗaya ni ma na roƙe ka."

Na tura, na goge lambarsa, na kifa kaina a bayan kujerar Baba.

"Yi kukanki, uwata," ya ce. "Babu mai ganinki a nan."