Hannuwan Bude Sarmi a Yadin Gunarto

Gunarto ɗan Haji Kasmuri, kai ɓarawo ne. Na faɗa a tsakar gidanmu, na faɗa a kasuwa, yanzu kuma ga shi na sa an rubuta. Ni Sarmi ban yi makaranta ba, amma in na ga sata ina gane ta. Ka sace hannuwana ka manna a yadin injinka, kuma saura ƙiris ka raba 'yar ƙanena da mijinta. Bari mutanen garinmu Pekalongan su ji yadda aka yi.

Ranar da Hanung ya fara zuwa gidanmu, ƙafarsa ce ta riga bakinsa sallama. Ya sauko daga babur bai duba ba, ya zurma cikin kwatar da ruwan rini ke bi, ya fito da takalmi shuɗi har idon sawu. Kinasih, 'yar ƙanena Warsidi, tana tsakar gida tana ɗaukar hotunan zannuwan batik, waɗanda ake zana wa kaki kafin a rina, da take sayarwa a intanet. Ta yi dariya har ta dafa igiyar shanya.

Ta ce, "Mas, rinin ƙafa ba kyauta muke yi ba fa."

Ya ce, "To a rina ɗayar ma, Dik, kada su yi faɗa a hanya."

Mas da Dik, yaya da ƙanwa ke nan a bakinmu. Ina zaune gaban kaskon kaki ina kallonsu. Ta kawo masa ruwa a bokiti, ya daɗe yana wanke ƙafa ɗaya kamar ƙafar giwa ce. Tun daga nan na san inda zancen zai kwana.

Ƙungiyar masu batik ce ta turo shi. Masu sayen kayanmu a Turai sun aiko cewa akwai doka tafe: duk zanen da za a tura can sai an liƙa masa wata 'yar lamba mai ɗigo-ɗigo, in aka haska ta da waya ta faɗi inda aka samo yadin, da abin da aka rina shi, da wanda ya yi aikin, da inda ruwan rinin ya tafi. Wanda bai shirya ba, su daina karɓar kayansa. Aikin Hanung shi ne ya bi masu sayarwa a intanet gida-gida ya shirya su.

Ni dai wajen "wanda ya yi aikin" ne ya yi mini daɗi. Tun ina yarinya nake zana kaki a yadi, sunan mai marina ake sawa a gefen zane, nawa ko sau ɗaya.

Warsidi kuwa, mai marinar gidanmu, tambayar ruwa ce ta ɓata masa rai. Ya ce ruwan nasa yana zuwa inda na ubansa da na kakansa suka je, wato kogi, kuma a garin nan in kogi ya yi baƙi alamar tukunya na kan wuta ne. Ya ce yaro ya rubuta cewa ana tacewa kawai, wa zai taso daga Turai ya leƙa kwata?

Hanung ya sunkuyar da kai, ya kira shi Pak kamar yadda muke kiran dattijo, ya ce, "Pak, ba zan rubuta abin da babu ba. Amma in kun yarda, za mu yi abin da zai sa ya zama akwai."

Warsidi ya ce an yi yaro mai bakin malamai, ya tashi ya bar masa kofin shayi.

Aikin kwana biyu sai ya ƙi ƙarewa. Yau ya manta bai tambayi inda ake sayen baban rini ba, gobe ya manta bai auna faɗin zane ba. Yana zuwa da ƙunshin shinkafa da megono, mahaɗin da muke ci da ita, a ganyen ayaba, wai na Bude ne, wato ni gwaggo, amma ƙunshi biyu ne kullum. Kinasih tana zama kusa da ni tana karanta mini saƙonninsa tana rufe fuska.

"Dik Asih, shuɗin nan ya ƙi fita daga farcena. Na fasa wankewa. Duk sanda zan saka takalmi sai na tuna da mai dariyar."

Ta mayar masa: "Mas Shuɗi, ka zo gobe in ƙara maka. Amma ka ci abinci tukuna, jiya na ga wuyanka kamar na zakaran da aka yi wa rowa."

Wata safiya suka ce za a sa bidiyona a lambar zannuwanmu. Wayar Kinasih ta cika da hotuna, sai ta ɗauko ta ubanta da ke kan tebur. Ta ɗauke ni ina hura bakin canting, ɗan cokalin jan ƙarfen da muke zana kaki da shi, ina bin yadi ɗigo bayan ɗigo, ina faɗin sunana. Ta tura wa Hanung shi kaɗai.

Da Hanung ya ce iyayensa na son zuwa gaisuwa, Warsidi ya ce ƙafarsu kada ta taka gidansa. Wai ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai rubuta wa duniya cewa surukinsa mai ɓata kogi ne ba. Ya hana shi shigowa.

A nan ne kai Gunarto ka samu ƙofa. Da ma ka daɗe kana zagayen Kinasih da motarka mai baƙin gilashi, tana ce maka a gai da gida. Kai da injinka ke buga yadi kamar jarida, ka fesa masa ƙanshin kaki ka ce na hannu ne. Ka riƙa zuwa kana zama da Warsidi, kana ce masa lamba ai hoto ce kawai, kowa da abin da ya ga dama yake sawa a ciki.

Ba a jima ba wata ƙawar Kinasih ta shigo da zane daga shagonka, ta ce mu haska lambar mu ga abin mamaki. Aka haska. Sai ga hannuwana. Ga tabon ƙunar da ke babban yatsana, ga bakina yana hura canting. An yanke wajen da nake faɗin sunana, an rubuta wai wata tsohuwar ma'aikaciyar gidan Gunarto ce ta zana shi da hannu. Yadin da ko ɗigon kaki bai taɓa gani ba! In aka juya bayansa sai a gan shi fari fat, alhali na hannu rini yana ratsa shi gaba da baya.

Kai kuma ka biyo baya da yamma kana girgiza kai, wai ai yaron ƙungiyar nan ne yake raba wa mutane irin waɗannan bidiyoyi, ba ka san namu ba ne.

Kinasih ta shiga ɗaki ta rubuta masa: "Kai kaɗai na tura wa. Ka hana Babana ƙarya ƙarama, ka sayar da Bude a babba. Kada ka sake kirana Dik."

Ya amsa: "Asih, wallahi ban ba kowa ba. Ban san yadda aka yi ba, kuma ba zan laƙa wa wani ba tun da ban gani ba. Ina nan inda kika sanni."

Ta rufe lambar wayarsa. Ta daina cin abinci sai na zage ta. Tana ɗaukar hoton zane hawaye na ɗiga a kai, ina ce mata ta matsa kada ta ɓata mini aiki.

Shi kuwa Hanung bai bar unguwar ba. A filin ƙungiya da ke ƙarshen layinmu ya tara matasa suna haƙa ramukan tace ruwan rini, da tsakuwa da yashi da gawayi, don marinan layin duka. Na wuce zan je kasuwa na gan shi cikin laka har gwiwa, yana jan bututu zuwa bayan katangar mutumin da ya kore shi. Na tsaya na ce masa in shi ya sayar da ni, Allah ya isa. Ya ce, "Amin, Bude." Ya tambaye ni ko Asih tana cin abinci.

Na dawo gida ina tunani. Warsidi ni na goye shi. Mutum ne da in kaza ta taka masa yadi sai unguwa ta ji muryarsa. Amma an sace hannuwan yayarsa, bai ce uffan ba. Bai zagi Hanung ba, bai zagi Gunarto ba, sai shiga da fita yake kamar baƙo a gidansa.

Na same shi a bakin tukunyar rini, gaban ma'aikatansa, na ce, "Warsidi, dube ni. Da wayar wa aka ɗauke ni?"

Ya ce in bari sai an tashi aiki. Na ce ba zan bari ba, na wanke masa kashi yana yaro, yau ma zan wanke masa a gaban mutane in ya ga dama.

Sai ya zauna a kan bokiti ya faɗa. Gunarto ne ya yi masa alkawarin zai shigar da zannuwanmu ƙarƙashin lambarsa, a rubuta ruwa a tace ba tare da an haƙa ko rami ɗaya ba. Gunarto ya karɓi wayar Warsidi wai zai ga yadda yaran suka yi nasu, ya tura wa kansa bidiyon. Da abin ya fito, kunya ta hana Warsidi magana, ya bar 'yarsa tana kuka da yaron kirki a bakin mutane.

Kinasih tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ta ɗauki gyalenta ta nufi ƙarshen layi, ni ina biye da ita ina haki.

Ta tsaya a bakin rami ta ce, "Mas Shuɗi."

Ya ɗago, laka har a gira. Ya ce, "An dawo mini da sunana ke nan?"

"Ka yafe mini. Na yi maka mugun zato."

"Na yafe tun ranar. Amma akwai tara, Dik. Miƙo mini shebur ɗin can."

Ta tattare zaninta ta shiga ramin. Na ce su fito su ba ni wuri, marasa kunya, mutane na kallo.

Washegari Warsidi da kansa ya ɗauki fartanya ya fasa katangar bayan gida, aka haɗa bututun. Da ruwan ya fara fita ta ɗaya gefen ba launi, ya daɗe a tsugune yana kallo. Sannan ya ce wa Hanung, ba tare da ya dube shi ba, ya gaya wa iyayensa ƙofa a buɗe take.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Ango da amarya suka ɗaura zane iri ɗaya, sidomukti, zanen da ake yi wa ma'aurata fatan wadata, kuma ni na zana su da hannuna. Hanung ya liƙa musu lamba a gefe. Baƙi suka yi ta haskawa suna jin muryata tana cewa ni ce Sarmi. Warsidi ya yi kuka lokacin da suka durƙusa a gwiwarsa neman albarka, ya ɗora musu hannu ya fara addu'a, sai ni na ƙarasa masa. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu faɗin gaskiya ko da uban matarsu ne a gabansu, ya sa arzikinsu ya zo ta hanya mai tsabta.

Su sun samu nasu. Ni ban samu nawa ba.

Har yau zannuwanka suna fita da bidiyona, Gunarto. Wata mata a can Turai tana ɗaura yadin inji tana tausayin tsohuwar da ta sunkuya a kansa, tsohuwar kuwa ni ce, ban taɓa cin ko ƙwayar shinkafarka ba. Na je shagonka an ce ka tafi Jakarta. Na je gidan ubanka an ba ni shayi da haƙuri. Ba shayi na je nema ba.

Ƙungiya za ta zauna ranar Asabar, na kai ƙara, Warsidi zai ba da shaida ko yana so ko ba ya so. Ka zo da kanka, kada ka turo yaron shago. Ka cire ni daga kowace lamba, ka rubuta wa waɗanda ka sayar wa cewa inji ne ya yi. Sannan za a ajiye maka kaskon kaki da canting a gaban jama'a. Tun da ka ce a gidanka ake zana su, ka zana mana fure ɗaya mu gani, ko kuma ka buɗe baki ka faɗi sunan mai hannun.